Mai Garba: Sana'ar da ke Ciyar da Abijan daga Tireshbil zuwa Ajame

Da wuya mutum ya yi tafiyar minti biyar a unguwannin talakawan Abijan bai ci karo da rumfar garba ba. Rumfar ba ta da wani ado. Ginshiƙan katako ne da rufin kwano ko tampol, dogon tebur da benci biyu, babban baho cike da aceke an lulluɓe shi da leda, sai kasko a gefe mai yana tafasa a cikinsa. Aceke tsakin rogo ne da aka tsima aka turara, mai ɗan tsami-tsami, kamanninsa kamar dambu. A kansa ake ɗora soyayyen yankan kifin tuna, a zuba yankakken ɗanyen attarugu da albasa da tumatir, a murtsuke dunƙulen magi, a kwarara ludayin man da aka soya kifin. Da hannu ake ci. Ɗan dako yana ci, ɗalibi yana ci, ma'aikacin banki ma yakan naɗe hannun riga ya zauna a benci ɗaya da su.

Mutumin da ke tsaye bayan bahon nan, sau da yawa, ɗan Nijar ne. Mutanen ƙasar "Hausa" suke kiran su gaba ɗaya, duk da cewa akwai Zabarmawa a cikinsu. Da yawa daga Adar suka fito, ƙauyukan jihar Tawa, inda tafiya bida zuwa Kwaddibuwa ta zama gado: kaka ya je, uba ya je, ɗa ma yana tasawa ya fara tara kuɗin mota. Galibin mutanen gari sun tafi a kan cewa abincin ya samo sunansa daga Garba, sunan da ya yi yawa a cikin masu sayar da shi. Wasu kuma suna danganta shi da Dicoh Garba, wanda ya riƙe ma'aikatar albarkatun dabbobi a zamanin Shugaba Houphouët-Boigny.

Baƙon da ya zo Abijan akan kai shi Filato ya ga dogayen benaye, ko Kokodi ya ga otal ɗin Ivoire. Ni da za a nemi shawarata, sai in ce a haɗa shi da mai garba ya bi shi wuni guda. Kayan wannan sana'a ba wuri ɗaya suke ba. Kifi yana kudu a bakin teku, aceke yana ƙauyukan bakin tafki, kayan yaji suna arewa a kasuwannin Ajame, kuma tsakaninsu akwai gada, akwai tsakiyar birni, akwai babban titin Nangui Abrogoua. Wanda ya bi sawun kwano ɗaya na garba ya ga garin ciki da bai.

Aikin yana farawa ne a tashar jiragen kamun kifi da ke yankin Tireshbil. Kafin 1950 babban jirgi ba ya iya shigowa Abijan, domin tudun yashi ya raba tafkin Ebiriye da teku. A shekarar aka gama haƙa mashigin Vridi, aka buɗe tashar a 1951, daga nan garin ya fara bunƙasa da gudu. Yau tana cikin manyan tashoshin tuna na Afirka. Jiragen kamfanonin Faransa da Sifen da wasunsu, masu zagaye garken kifi da ƙatuwar koma, a nan suke sauke kamunsu, kuma masana'antun kifin gwangwani irin su SCODI da Airone suna nan kusa suna aikawa Turai. To amma masana'anta tana da zaɓe. Ba ta karɓar kifin da ya yi ƙanƙanta, ko wanda ya ƙuje a cikin koma, ko wanda gishiri ya shige shi da yawa, ko dangin tunan da Turai ba ta saye. Wannan ragowar ake kira fo-ton, wato tunan bogi, ko da yake kifi ne na ƙwarai, kuma ita ce jarin mai garba. Tan dubbai ake saukewa kowace shekara, akasarinsa a kasko yake ƙarewa.

A cikin jirgi ana daskarar da kifin ne a ruwan gishiri mai tsananin sanyi, ya yi makonni a haka kafin a iso tasha. Daga nan tunan garba ya samo gishirin nan da taurin naman da masu ci suka saba da su, kuma shi ya sa aikin farko na mai rumfa shi ne ya bar kifi ya saki, ya wanke shi sosai. Dillancin fo-ton mata ne suka fi riƙe da shi. Su ke saye da yawa, su zuba a ɗakunan sanyi, su rarraba wa unguwanni. Mai garban da ya daɗe a sana'a yana da uwar ɗakinsa a cikinsu, wadda za ta ajiye masa kasonsa ranar da kifi ya yi wuya, ta kuma ba shi bashi idan jari ya karye. Yana ce mata Mama ko Tanti, ita kuma ta ce masa Aboki. Babu takarda tsakaninsu. Ranar da ya saɓa alkawari sau biyu, labarinsa ya gama zagaya tasha.

Kifin kuwa yakan yi wuya. Jiragen sun fi yin kamu a ƙarƙashin wasu gadajen gora da suke saki su yi ta yawo a kan teku, saboda kifi yana son taruwa a inuwar duk abin da ke shawagi a ruwa, kuma a nan ne ƙananan tuna suka fi faɗawa koma. Hukumar ICCAT, mai kula da tunan tekun Atilantika, takan hana kamu a kan waɗannan gadaje na wasu makonni a shekara domin kifin ya samu ya girma. Dokar tana da amfani, domin idan aka ƙarar da 'ya'yan kifi kowa zai rasa. Sai dai idan kifi ya yi ƙaranci a tasha, yankan dala hamsin a Ajame sirancewa yake yi, kuma mai garba ne ke shan mitar abokin ciniki a kan shawarar da aka yanke a wani ɗakin taro can nesa.

Daga tasha idan aka miƙe sai cikin unguwa. Tireshbil tana kan tsibirin da ke kudu da Filato. Sunanta na da Anumabo. A 1934, shekarar da Faransawa suka maido hedikwatar mulkinsu daga Bingerville zuwa Abijan, suka laƙaba mata sunan Marcel Treich-Laplène, ɗaya daga cikin waɗanda suka share wa mulkin mallaka hanya a ƙasar. An yanka ta ne da ma'auni, tituna a miƙe suna ratsa juna, kowanne da lambarsa. Mutumin Tireshbil ba ya yi maka kwatance da bishiya ko gidan wane. Lambar titi biyu zai ba ka, ka je mahaɗarsu. Avenue 16 ita ce jijiyar ciniki. Rue 12 ta yi suna da kantunan atamfa da yadi, da yawansu na Kwarori ne. Babbar kasuwar unguwar gobara ta cinye ta a 1997, aka sake gina ta. A Avenue 8 akwai babban masallaci, a bakin tafki kuma ga Fadar Al'adu da ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 1999, wadda yanzu take ɗauke da sunan marubuci Bernard Dadié. A nan Tireshbil ɗin, a wani gidan shaƙatawa da ake kira Étoile du Sud, aka kafa jam'iyyar PDCI a watan Afrilun 1946, wadda ta kai ƙasar ga samun 'yancin kai a 1960.

Amma abin da ya fi shafar mai garba shi ne gidajen haya masu tsakar gida ɗaya: ɗakuna a jere, famfo ɗaya, makewayi ɗaya ko biyu, mutumin Sanagal da na Mali da na Gini da Bayarabe da Baule da Bahaushe duk ƙofa na kallon ƙofa. A irin wannan ɗaki samarin rumfa guda suke kwana, biyar ko shida, a shimfiɗa tabarmi da dare a naɗe da asuba. Ba don suna jin daɗin hakan ba ne. Duk dalar da ba ta tafi a kuɗin haya ba, buhun hatsi ce a gida lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Zuwan 'yan Nijar wannan unguwa ba sabon abu ba ne. Fataken Hausa sun daɗe suna shiga kurmin ƙasar neman goro, kuma har yau Anyama, a arewacin Abijan, cibiyar goro ce. A 1958 Bafaranshen nan Jean Rouch ya fitar da fim mai suna Moi, un noir, wanda ya ɗauka a titunan Tireshbil, a kan samarin Nijar da ke fita kullum neman aikin yini a tashar jiragen ruwa da kamfanoni. Jarumin fim ɗin, Oumarou Ganda, ɗan dako ne a lokacin. Daga baya ya koma gida ya zama mai shirya fim, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Samarin wancan zamani ƙarfinsu kaɗai suke da shi na sayarwa, su tsaya a bakin ƙofa su jira a kira su ko a sallame su. Jikokinsu masu garba suna da kaskon kansu da bahon kansu, su ke buɗewa su ke rufewa. Ina ganin wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, ko da yake ba wanda ya rubuta shi a littafin tarihi.

Aceke shi kuma ba aikin maza ba ne, ba kuma aikin baƙi ba. Gadon matan ƙabilun bakin tafki ne: Ebiriye masu ainihin ƙasar Abijan, da Ajukuru na yankin Dabu, da Aladiyan, da Abikam na wajen Grand-Lahou. Aiki ne na kwanaki. A fere rogo a wanke, a markaɗe shi tare da ɗan rogon da aka riga aka tsima domin ya ba da tsami, a ɗiga ɗan manja, a bar ƙullin ya kwana. Sai a matse ruwan a cikin buhu, a murza da hannu a cikin akushi har ya zama tsaki, a shanya, a sheƙe, sannan a turara. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta shigar da wannan fasaha cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, kuma matan sun cancanta. Aceke iri-iri ne. Akwai abojama mai manyan ƙwayoyi, na biki da manyan baƙi. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi na cin gida. Sai na garba, wanda ya fi araha domin ba a ɓata lokaci wajen tace shi da tsince jijiyoyin rogon. Ƙauyukan Ebiriye da birni ya haɗiye, irin su Abobo-Dume da Blokos da Anono, har yau suna turara aceke, kuma daga Tireshbil jirgin ruwan kamfanin SOTRA yana kai mutum wasu daga cikinsu da kuɗi kaɗan, ya ga Filato daga kan ruwa a hanya. Wani aceken kuma a mota yake zuwa daga Dabu. Mai garba yakan damƙi kaɗan a hannu ya ga ko zai warware, ya shinshina, ya ɗanɗana. Idan ya cika tsami ko ya yi danƙo, ya san ya kwana biyu, kuma ya san abokan cinikinsa za su gane kafin su kai loma ta uku.

Mai rumfa a Ajame dole ya haye tafki da kifinsa. Tsohuwar gadar Houphouët-Boigny an gama ta a 1957, a madadin wata gada mai shawagi a kan ruwa ta 1931. Hawa biyu gare ta, motoci a sama, jirgin ƙasa a ƙasa. Kusa da ita ga gadar De Gaulle ta 1967. Layin dogon da ke ratsa gadar farko Faransawa sun raɗa masa suna Abijan zuwa Nijar. Ya isa Wagadugu a 1954, amma bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Saboda haka a mota 'yan bida suke zuwa, daga Yamai su bi ta Wagadugu da Bobo, su shigo ta Ferke da Buwake da Yamusukuro, su sauka Ajame da ƙura a gira.

Filato ba a daɗe a cikinta. Ga benen Pyramide na 1973 wanda tsufa ya kama, ga majami'ar Saint-Paul ta 1985, ga filin ƙwallo mai sunan shugaban farko, ga masallacin Salam da shuɗiyar ƙubbarsa, ga hasumiyoyin ma'aikatun gwamnati, waɗanda suka ci gaba da zama a nan duk da an mayar da babban birni Yamusukuro a 1983. Tun asali an tsara wurin ne domin Turawa su zauna a tsakiya, tafki ya raba su da Tireshbil ta kudu, barikokin soja na Galliéni da Mangin su raba su da Ajame ta arewa. Turawan sun tafi, tsarin bai tafi ba. Masinja da mai gadi da direban da ke aiki a benayen nan a wata unguwa suke kwana, kuma yawanci sun ci garbansu kafin su shigo.

Ana wuce barikin Galliéni sai a faɗa titin Nangui Abrogoua, mai ɗauke da sunan wani babban basaraken Ebiriye da ya rasu a 1938. Ƙidayar 2021 ta ba Ajame mutum kusan 340,000, Tireshbil kuma 100,000 da 'yan kai, a birnin da ya haura miliyan biyar. Wannan lissafin masu kwana ne. Da rana Ajame ninkuwa take yi, domin nan ne mahaɗar garin duka. Ƙananan bas-bas da ake kira gbaka nan suke juyawa, yaran mota suna rataye a ƙofa suna ihun Abobo da Yopugon. Tasin haɗaka da ake kira woro-woro nan suke lodi. Manyan motocin da ke zuwa cikin ƙasa da Mali da Burkina da Nijar nan tashoshinsu suke. A tsakiyar titin an ware wa bas ɗin SOTRA hanyarsa, gefe da gefe kuma kantuna ne da tebura da kayan da aka baza a ƙasa: atamfa, takalma, tukwane, turare, wayar hannu. Ga babban masallacin Ajame, ga ginin kasuwar Forum mai hawa-hawa, can gaba ga kasuwar waya da kayan lantarki da ake kira Black, ga mahaɗar Liberté da benayen 220 Logements. Baƙon da ya shiga nan ya riƙe aljihunsa da kyau, ya kuma buɗe kunnensa, domin a taku ɗari zai ji Julanci da Faransancin titi da Mosanci da Yarbanci da Hausa.

A kasuwar Guro, wadda matan ƙabilar Guro suka kafa suke kuma tafiyar da ita, mai garba yake sayen attarugu da tumatir. Albasa kuwa sau da yawa a hannun ɗan'uwansa zai saye ta, domin jar albasar Galmi tana zuwa Abijan tirela-tirela a lokacinta, kuma 'yan Nijar suna da ƙarfi a cinikinta. Ba abin mamaki ba ne mutum ya yanka a Ajame albasar da aka noma a fadamar garinsu.

Yanzu ga sana'ar kanta. Yankan kifi shi ne ilimin farko, kuma a nan riba take ko asara. Kifi guda maigida zai dube shi ya san yanka nawa zai fitar na dala arba'in, nawa na sittin, nawa na ɗari, domin su da dala suke ƙirga sefa, biyar-biyar, yadda Julawa ma suke yi. Wuƙa ta karkace kaɗan, ribar kifin ta tafi. Akwai mai son tsoka zalla, akwai mai son ɓangaren ciki mai maiƙo, akwai mai neman baƙin naman da ke jikin ƙashi, akwai wanda kai kawai yake so. Wasu masu rumfa sukan barbaɗa wa yankan garin fulawa kafin suya domin bayansa ya yi ƙaras-ƙaras. Man dole ya yi zafi sosai kafin a saka kifi, in ba haka ba ya sha mai ya yi laushi. Idan kuma ya wuce kima, baya ya ƙone ciki bai nuna ba. Ba a soyawa da yawa lokaci guda. Mai cin garba da zafi yake son kifinsa, kuma yana iya tsayawa ya jira kasko na gaba ya bar wanda ya huce a faranti.

Idan aka juye sabon kasko, kowa sai ya ɗauki cokali mai yatsu ya soke yankan da ya yi masa. Wanda ya riga sokewa shi ke da shi. Wannan al'ada ce da mai rumfa ba ya tsoma baki a cikinta, sai in gardama ta so ta yi zafi. Shi nasa shi ne ya faɗi kuɗin yankan, ya auna aceke da ɗan kwano, ya tambaya ko a sa yaji da yawa. Duk wannan yana yi ne yana lura da wanda ya biya da wanda bai biya ba, da wanda ke jiran canji, da yarinyar da aka aiko daga gida da kwano, da makanike da ya ce a rubuta masa sai yamma. Canji kansa fitina ne a Abijan, domin ƙananan kuɗi suna wuya, kuma biya ta waya irin na Wave da Orange Money ya rage wa masu rumfa wannan ciwon kai. Haƙuri shi ne rabin jarin. Matasan gari suna da zafin baki, su yi ba'a, su nemi ƙari, su ce kifin ya ƙanƙance. Ƙwararren mai garba ya iya Faransancin titi daidai yadda zai mayar da wasa da wasa ba tare da ya zubar da girmansa ba.

Ba a fara wannan sana'a daga bakin kasko. Sabon zuwa, wanda yawanci ƙane ne ko ɗan ɗan'uwa ko ɗan garinsu maigida, da wanke-wanke yake farawa: ɗebo ruwa, wanke kwanuka, sauya ruwan wanke hannu, share rumfa. Daga nan a ba shi wuƙa ya yanka attarugu har hannunsa ya daina raɗaɗi. Sai awon aceke, sai suya, sai can ƙarshe a yarda ya taɓa kuɗi. "Kai yaro, duba man nan," in ji maigida. Shi kuma ya amsa da "To, Baba" ko "To, Yaya," gwargwadon abin da ke tsakaninsu. Idan ya yi shekarunsa ya nuna amana, maigida ya sallame shi da baho da kasko da ɗan jari, ya gabatar da shi ga matar kifi da matar aceke, wanda shi ne mafi tsada a cikin kyautar. 'Yan gida ɗaya sukan yi karɓa-karɓa: wannan ya tafi gida noman damina, wancan ya riƙe rumfa, bayan kaka a yi musaya. Kuɗin gida kuma, da a da ake damƙa wa direba ko matafiyi, yanzu ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza suke tafiya, su isa ƙauye a yini guda.

Wahala ce ta ɗaukaka garba. A ƙarshen shekarun 1980 farashin koko ya faɗi a kasuwar duniya, a 1989 gwamnati ta rage kuɗin da ake biyan manomi da rabi, aiki ya yi wuya a birni. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Mutanen da suka saba da shinkafa da miyar nama suka koma neman abin da zai riƙe ciki tun safe har dare da 'yan daloli. Aceke yana da nauyi a ciki, fo-ton yana da araha, 'yan Nijar kuma suna shirye su tsaya a bakin wuta tun asuba a kan ƙaramar riba. Ɗaliban jami'a, waɗanda a ɗakunan kwanansu na Yopugon kiɗan zugulu ya tashi a farkon shekarun 1990, su suka mayar da garba abin alfahari, abincin mai fama wanda bai karaya ba. Yau ɗan Kwaddibuwa da ke zaune a Faris ko Montiriyal idan ya tashi kewar gida, garba yana cikin abin da zai fara ambata.

Akwai abin da ya kamata a faɗa wa 'yan'uwanmu ba tare da ɓoye-ɓoye ba, shi ne batun mai. A rumfuna da yawa ana soya kifi a mai ɗaya har ya yi baƙi, a ƙara sabo a kan tsoho, a kuma ɗebi wannan baƙin a zuba wa mutum a kan aceke. Wasu masu ci ma shi suke nema, suna cewa a nan daɗin yake. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan man da aka maimaita wa wuta, ga kuma gishirin kifi ga na magi a ƙasar da hawan jini ke ƙaruwa. Haka batun ruwan wanke hannu da kwatar da ke wucewa ta bayan rumfa. Na san man gwangwani yana da tsada, ribar kuma siririya ce. Amma wanda ke ciyar da mutane amana ce a hannunsa, kuma ko ta fuskar ciniki lissafin ya sauya. Matasan ƙasar sun shigo sana'ar da abin da suke kira garba shoko: shago mai tayil da fanka, faranti mai tsabta, sabon mai, talla a Facebook, kai wa mutum har ofis a kan babur, a kuma ninka kuɗi. Suna samun kasuwa. Wanda ya ƙirƙiro sana'a yana iya wayar gari ya tarar an bar masa ɓangarenta mafi ƙarancin riba kawai.

Ɗaya matsalar ta fi ƙarfin mai rumfa shi kaɗai. Ƙasar da rumfarsa ke kai ba tasa ba ce. Yana biyan tikitin ma'aikatar magajin gari, yana biyan mai gidan da ya jingina da katangarsa, amma ba shi da takardar da za ta tsayar da motar rusau. Zaman baƙo ma hawa da sauka yake yi. A 1990 aka kafa dokar katin zama ga baƙi, wanda ya zama hanyar tatsar talaka a shingayen 'yan sanda, sai a 2007 aka ɗauke wa 'yan ƙasashen ƙungiyar CEDEAO shi. A watan Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar, ko da yake har yanzu sefa ɗaya ƙasashen biyu suke kashewa. A watan Mayun 2021 wani bidiyo ya bazu a intanet, aka ce wai 'yan Nijar ne ke azabtar da 'yan Kwaddibuwa, alhali tsohon hoto ne da aka ɗauka a wata ƙasa daban. Cikin yini guda aka far wa 'yan Nijar a Abobo da wasu unguwanni, aka fasa rumfuna da shaguna, aka jikkata mutane. Hukuma ta tashi tsaye, kotu ta ɗaure wadda ta iza wutar shekara biyar, kuma hakan ya kwantar da hankali. Amma mai garba ya ga yadda rumfar da ba ta da ƙofa take zama ta farko da ake isa gare ta.

A 2024 gwamnan yankin Abijan, Ibrahim Cissé Bacongo, ya ƙaddamar da gagarumin rusau, ya kuma hana talla a manyan tituna da bara da tura amalanke. A watan Yulin shekarar aka rushe wani ɓangare na tsohon ƙauyen Ajame, na Ebiriye masu ƙasa, domin hanyar da ke haɗewa da gada ta huɗu da aka gina a kan tafkin. Idan masu ƙasa ba su tsira ba, baƙo mai tampol ya san matsayinsa. Ba na cikin masu cewa a bar gari a hargitse. Wanda ya taɓa maƙalewa a Nangui Abrogoua da tsakar rana ya san titin yana bukatar numfashi. Amma mutanen da ke sauka daga gbaka da sassafe dole su ci abinci, kuma albashinsu bai kai na gidan abinci mai gilashi ba.

Yanzu ana aikin layin farko na jirgin ƙasan cikin gari, mai tsawon kilomita 37, daga Anyama zuwa Port-Bouët, kuma zai bi tsohon layin dogo ya ratsa Ajame da Filato da Tireshbil. Kowace tasha da za a buɗe a kansa sabuwar kasuwa ce, kuma rabon wuraren ciniki a bakin tasha tun kafin jirgi ya fara tafiya ake yin sa. Masu garba suna da shugabannin garuruwansu, suna da limamai, suna da manyan 'yan kasuwar albasa da goro da ake jin maganarsu a ma'aikatun magajin gari na Ajame da Tireshbil. Lokacin da ya dace su haɗa kai da matan kifi da matan aceke su je su nemi rumfuna masu famfo da magudanar ruwa da takardar haya, su kuma ɗauki alkawarin sauya mai da tsabtar wuri a madadin haka, shi ne yanzu da ake kan zuba kankare.